Amsa: Wace manhaja zan tace bidiyon GoPro da ita a tsohuwar laftof?

Wa alaikumus salam. Malam, ka ce laftof ɗinka Core i5-3320M ce mai RAM 4GB, kyamararka HERO7 Black, ka ɗauki bidiyo a 4K, kuma duk manhajar da ka gwada hoton maƙalewa yake yi, sauti yana gaba hoto yana baya. Kana neman wadda ɗan koyo zai iya. Amsa a taƙaice: Shotcut don tacewa, LosslessCut don yankan farko, dukkansu kyauta ne kuma ba sa buga tambari a jikin bidiyo. Sai dai in ka saka su ka jefa musu fayilolinka yadda suke, za su maƙale kamar sauran, domin matsalar tana jikin fayil ɗin ne.

Buɗe katin memorin ka dubi sunayen fayilolin. Wanda ya fara da GH an matse shi ne da H.264, wanda ya fara da GX kuma da HEVC, wato H.265. GoPro ta fara amfani da HEVC a HERO6 a 2017, kuma a kyamararka 4K mai firem 60, wato hotuna 60 a daƙiƙa, ba ya ɗaukuwa sai da shi. Mai wata kyamara daban, irin DJI ko Akaso, ya buɗe bidiyon a VLC ya danna Ctrl da J, zai ga sunan matsin a rubuce.

Abin da ya sa wannan ya dame ka shi ne, furosesan Intel yana da wani sashe na musamman da ke warware bidiyo ba tare da ya wahalar da sauran kwamfutar ba, ana kiransa Quick Sync, ya fito a 2011. A furosesa irin naka lambar farko bayan i5 ita ce zangonsa, naka 3320M zango na uku ke nan. Wannan zangon ya san H.264, bai san HEVC ba sam. Sai a zango na shida, a 2015, Intel ta sa cikakken mai warware HEVC, mai launi 10-bit kuma sai a zango na bakwai. Don haka duk firem ɗin fayil mai GX furosesanka mai ƙwaya biyu ne zai warware shi da ƙarfin tuwo. Ga kuma yawan aikin: 4K ɗigo 3840 ne sau 2160, ninki huɗu na 1080p, in ka haɗa da firem 60 a daƙiƙa ya zama ninki takwas na bidiyon 1080p mai firem 30. Sannan irin wannan matsin ba ya ajiye kowane hoto cikakke. Yana ajiye cikakke guda, sai jerin waɗanda ke ɗauke da abin da ya canza kawai. In ka danna tsakiyar bidiyo, dole kwamfuta ta koma baya ta nemo cikakken hoton ta lissafo har inda ka danna. Bidiyon wannan kyamara kuwa kusan komai a cikinsa motsi yake, ciyawa, ruwa, ƙura, titi, don haka lissafin ya fi na wanda ya zauna yana magana gaban kyamara yawa nesa ba kusa ba.

Aikin farko, kwafe komai daga kati zuwa cikin kwamfuta. Kada ka yi tacewa daga kan katin, yana da jinkiri, kuma in ya motsa a raminsa aikin ya lalace. Za ka lura doguwar ɗauka ta rabu gida-gida, kowane kusan 4GB. Lambobi biyu na farko bayan haruffa su ne lambar babi, huɗu na ƙarshe lambar bidiyon, wato GX010045 da GX020045 ɗauka ɗaya ce. Windows ba za ta jera su kusa da juna ba in ka jera da suna, shi ya sa mutane ke zaton rabin bidiyonsu ya ɓata.

Sai ka buɗe LosslessCut. Ba ya sake matse bidiyo, kwafe sashen da ka zaɓa kawai yake yi, don haka ko tsohuwar kwamfuta ba ta jin jiki, kuma inganci ba ya raguwa ko kaɗan. Danna I a inda kake so a fara, O a inda za a tsaya, ka fitar. Galibin abin da irin wannan kyamara ke ɗauka shara ce: lokacin da kake gyara ta a hular kwano, tafiyar da babu komai a cikinta, aljihu. In ka ɗauki minti 40, da wuya abin amfani ya wuce minti biyar ko shida, kuma duk matakin da zai biyo baya zai yi sauri gwargwadon abin da ka zubar a nan. Abu guda: yana yanka ne a kan cikakkun hotunan nan da na ambata, don haka yankan kan kauce kaɗan daga inda ka danna. Bar rarar daƙiƙa biyu gaba da baya, ka daidaita a Shotcut. In hoton ya ƙi tafiya a cikinsa, kalli fayil mai ƙarewa da LRV da ke gefen kowane bidiyo. Ƙaramin kwafi ne da kyamarar ke yi da kanta. Kwafe shi ka sauya ƙarshen sunan zuwa mp4, ka kalla a VLC, ka rubuta mintocin da kake so a takarda.

Yanzu Shotcut. Kafin ka shigar da bidiyo ko ɗaya, gyara abu uku a Settings. A Video Mode zaɓi HD 1080p mai firem 30, ko 29.97 in haka kyamararka ke ɗauka. In ka bar shi a Automatic zai ɗauki girman fayil na farko, aikin gaba ɗaya ya zama 4K, ka koma gidan jiya. A Preview Scaling zaɓi 360p, ko 540p in kwamfutar ta ɗauka. Sannan a Proxy kunna Use Proxy. Wannan na ukun shi ne ginshiƙin lamarin. Manhajar za ta yi wa kowane bidiyo ƙaramin kwafi mai sauƙin warwarewa, ka yi duk yanke-yankenka a kansa, lokacin fitarwa kuma ta koma kan asalin ta bi umarnin da ka bayar, kamar tela da ke fara yanka a takarda kafin ya sa almakashi a yadi. Da ka jefa fayilolin za ka ga ayyuka sun jeru a ɓangaren Jobs. Ka bar su su ƙare. Mafi yawan masu cewa furoksi bai yi musu aiki ba sun fara tacewa ne yana tsakiyar haɗuwa, furosesa ya rabu biyu. A kwamfuta irin taka, da fayil mai GX, wannan matakin zai iya cin ninkin tsawon bidiyon sau da yawa, don haka sa shi da dare. Hoton zai yi dishi-dishi a allon kallo, ba laifi ba ne.

Akwai wata hanya da na fi so ga mai RAM 4GB wanda ba 4K zai fitar ba, ita ce juyar da fayilolin gaba ɗaya da manhajar HandBrake. A Dimensions sa iyakar girma 1080p, a Video zaɓi H.264 na x264, Framerate a Same as source, ka zaɓi Constant Framerate, inganci RF 18 zuwa 20. A akwatin Advanced Options rubuta keyint=30, cikakkun hotuna za su matso kusa da juna, tsalle cikin bidiyo ya yi sauƙi. Ka jera su duka a Queue. Ribarta ita ce fitarwar ƙarshe ma za ta yi sauri, domin ba za a sake taɓa 4K ba. Constant Framerate ɗin nan kuma yana maganin sautin da ke zamewa daga hoto a hankali, abin da ake yawan gani a bidiyon waya da ƙananan kyamarori masu arha. Ajiye asalin fayilolin dai, kada ka goge.

Game da sauran manhajojin da aka ambata maka. Kdenlive tana da furoksi mai kyau, har tana iya amfani da fayilolin LRV kai tsaye, sai dai maɓallanta sun fi yawa ga ɗan koyo. DaVinci Resolve kyauta ce kuma ta ƙwararru, amma kamfanin da kansa yana neman RAM 16GB. A kan HD Graphics 4000, katin hoton da ke cikin laftof ɗinka, ɓata lokaci ne. OpenShot tana da sauƙin fahimta, amma a ganina ba ta da juriyar manyan fayiloli. Windows Movie Maker kuwa Microsoft ta daina bayar da ita tun Janairun 2017, shafukan da ke tallarta yanzu ka yi nesa da su. Haka ma fasassun kwafin manyan manhajoji: sun fi nauyi, ga haɗarin ƙwayar cuta. Ka duba cewa Windows ɗinka 10 ce mai 64-bit, domin sababbin sigogin Shotcut ita suke buƙata. Mai Windows 7 sai ya nemi tsohon siga a shafinsu.

A cikin tacewar, yanka tukuna, ado daga baya. Danna S yana raba bidiyo a inda sandar da ke nuna wurin da kake a bidiyon ta tsaya, X yana cire yanki ya matso da na bayansa. Sai ka gama jeri sannan ka sa gyaran launi da rubutu, domin kowane tace da ka ɗora yana ƙara wa allon kallo nauyi, kuma kana iya cire alamar da ke gefensa a Filters ka kashe shi na ɗan lokaci. Lanƙwasar gefen hoto ana miƙe ta da Fisheye ko Lens Correction, amma ya fi sauƙi ka zaɓi Linear a kyamara tun wajen ɗauka. Stabilize, mai rage girgizar hoto, yana da nauyi sosai, sai ya bi bidiyon firem bayan firem. Tunda kyamararka tana da HyperSmooth, wanda ke rage girgizar tun wajen ɗauka, kunna shi ka huta. Tafiyar hawainiya kuma a Properties take: bidiyo mai firem 60 a aikin firem 30, sa Speed a 0.5 zai fito sumul. Mai firem 30 in ka rage shi haka tsalle-tsalle zai yi. Riƙa danna Ctrl da S a kai a kai, kuma kada ka sauya wa foldar bidiyon wuri ko suna har ka gama, domin fayil ɗin aikin adireshinsu kawai yake riƙe.

Wajen fitarwa zaɓi Default ko YouTube, mp4 ne mai H.264. Shiga Advanced ka tabbata babu alama a Use preview scaling, in ba haka ba zai fitar maka da bidiyo mai 360p bayan doguwar jira. Gwada daƙiƙa 30 tukuna ka kalla. Jona caja, rufe burauza, ɗaga bayan laftof ɗin iska ta shiga. In ta fara da sauri ta dawo tana ja, zafi ne ya sa furosesa rage gudu, sai a share ƙurar fanka a sauya man da ke tsakanin furosesa da ƙarfen sanyaya shi.

In za ka ƙara mata wani abu, RAM ne farko. Danna Ctrl, Shift da Esc lokacin da kake aiki ka dubi Performance: in Memory ta cika, Disk kuma yana kan kashi 100, kwamfutar tana aron faifai ne a madadin RAM. Kai ta 8GB da sanda biyu masu 4GB, domin katin hotonka daga RAM yake ci kuma ya fi gudu da sanda biyu. Duba rubutun jikin tsohuwar sandar ka sayi irinta, DDR3 ce. Bayansa SSD mai SATA, wato faifan ajiya marar juyawa, wanda ke karanta kusan 500MB a daƙiƙa, tsohon faifai mai juyawa kuwa wajen 100MB. Ba zai sa a warware HEVC da sauri ba, amma buɗe manhaja da tsalle tsakanin fayiloli za su canza sosai.

Ɗauka ta gaba kuma, shiga Preferences a kyamarar, General, Video Compression, ka zaɓi H.264 + HEVC, sannan ka sa 1080p mai firem 60. Fayilolin za su fito da GH, kuma da yawansu za ka iya tacewa da Preview Scaling kaɗai ba tare da jiran furoksi ba. In kana son sararin matso da hoto ba tare da ya dushe ba, 2.7K mai firem 30 ya isa.