Kada ka kwafi lambar IP ta abokin aikinka

Wa alaikumus salam ɗan'uwa. Ka ce ka jona kebul ɗin intanet na ofis a laftof ɗinka bai kawo komai ba, har wani ya ba ka shawarar ka kwafi lambar IP ta kwamfutar da ke kusa da kai, wato lambar da ake gane kowace na'ura da ita a kan layi. Don Allah kada ka yi. Na daɗe ina kula da kwamfutocin wata ma'aikata nan Sakkwato, kuma ba abin da ke wahal da mu kamar wanga aiki.

Na'ura biyu ba su zama da lamba ɗaya a kan layi ɗaya. Da ka sa, ku biyun za ku riƙa katsewa. An taɓa yi mana haka a ƙarshen wata, firintar ofishin albashi ta tsaya cik. Muna bin kebul ɗaki-ɗaki cikin zafin Afrilu, gumi na zuba, sai ga wani ɗan bautar ƙasa zaune yana saukar da darasi, lambar firintar ce ya sa wa laftof ɗinsa. Bai yi da mugunta ba, amma yinin ranar ya tafi.

Ga abin da za ka yi. Buɗe cmd, wato tagar rubuta umarni ta Windows, ka rubuta ipconfig /all. In ka ga lambarka ta fara da 169.254, to ba a ba kwamfutarka lamba ba ke nan, ita ta ƙago wa kanta. Ko dai ramin bangon ba a haɗa shi da suwic ba, wato na'urar da ke raba layi ga kwamfutocin ofis, ko kuma an kulle layin sai na'urorin da anka yi wa rajista. Nan dai za ka ga Physical Address, haruffa da lambobi 12 da ake yi wa na'ura rajista da su. Rubuta ta ka kai wa mutanen ICT, masu kula da kwamfutocin ofis. Ka lura ta kebul daban, ta Wi-Fi daban.

In sunka ce za su sa laftof ɗinka ƙarƙashin kulawar sabar ofis, wato cikin domain ɗin ma'aikata, tsaya ka yi tunani. Windows Home ma ba ta shiga, sai Pro. Kuma da ka shiga, mai kula da sabar na da ikon sa mata dokoki, ya girka manhaja, ya hana ka wasu abubuwa, alhali da kuɗinka ka saye ta, hotunan iyalinka na ciki. Ni a ganina, in intanet da imel kaɗai kake so, ka roƙi layin baƙi, ya ishe ka. Windows ta tambaye ka irin layin, zaɓi Public, don kada na kusa su ga foldojinka.

Kuma kada ka ji haushi in sunka ce sai sun duba ta. Yawancin laftof ɗin da ake kawo mana, Windows ta bayan fage ce da masu gyara sunka sa, an kashe sabuntawa. A watan Mayun 2017 muguwar manhajar WannaCry ta bi layi daga kwamfuta zuwa kwamfuta har ta tsai da aiki a asibitocin Ingila, alhali tun Maris Microsoft ta fitar da maganinta. Windows 10 kuwa an daina tallafa mata tun 14 ga Oktoban 2025. In ita gare ka, gaya masu gaskiya tun farko.

Takardun ma'aikata, musamman masu sunayen mutane da lambobin asusunsu, ka bar su a kwamfutar ofis. Akwai dokar kare bayanai ta 2023, kuma in anka sace laftof ɗin, kai za a fara tambaya.