Tambayoyi da Amsoshin Lafiya: Mintunan Farko Bayan Haɗari

Assalamu alaikum. Yawancin saƙonnin da suka iso mini a wannan karon sun karkata ne ga haɗarin hanya da irin kulawar da ake samu a sashen gaggawa, don haka na zaɓo huɗu daga cikinsu.

Tambaya daga wani direban haya a Kumo: Likita, ƙanena ya faɗi a kan babur, cinyarsa ta karye, amma da muka kai shi asibiti sai likitan ya bar ƙafar, ya tsaya duba bakinsa da ƙirjinsa. Wannan ba sakaci ba ne?

Malam, Allah ya ba ƙanenka lafiya. Abin da ka gani alama ce ta likitan da ya samu horo, domin ƙa'idar da ake koya mana ita ce a fara da abin da ya fi saurin kashe mutum, ko da wani raunin ne ya fi tayar wa 'yan'uwa hankali. Idan jini na tsartuwa a fili, shi ake fara dannewa. Daga nan sai a tabbatar hanyar iska a buɗe take, tare da riƙe wuya kada ya motsa, saboda jini ko amai ko harshen da ya koma baya na iya toshe maƙogwaro, kuma ƙwaƙwalwa kan fara lalacewa bayan minti 4 zuwa 6 ba tare da iska ba. Bayan haka a duba numfashi, a duba zagayawar jini, a auna ko yana cikin hayyacinsa, sannan a tuɓe shi a nemi raunin da tufafi suka ɓoye.

Wannan tsari yana da asali. A 1976 wani likitan ƙashi ɗan Amurka, James Styner, ya faɗi da ƙaramin jirgin sama a jihar Nebraska, matarsa ta rasu, 'ya'yansa suka ji munanan raunuka. Kulawar da suka samu a ƙaramin asibitin da ya kai su ta nuna masa cewa ma'aikatan ba su da tsarin karɓar irin waɗannan majinyata. Shi da abokan aikinsa suka tsara kwas ɗin da aka fara a 1978, wanda yanzu ake kira ATLS, wato horon ceton ran waɗanda suka ji munanan raunuka, kuma ana koyar da shi a ƙasashe da dama. Karayar cinya ma ba ƙaramin abu ba ce, don tana iya ɓoye fiye da lita 1 ta jini daga cikin kimanin lita 5 da babban mutum yake da su, shi ya sa za ka ga an gaggauta ɗaura masa ruwa kafin maganar hoton ƙashi.

Tambaya daga wani sabon likita mai bautar ƙasa a wani babban asibitin ƙaramar hukuma a jihar Bauchi: Ni kaɗai nake kwana a bakin aiki, babu na'urar hoton ƙwaƙwalwa, babu likitan tiyata. Ina amfanin wannan horo gare ni?

Ƙanena, irinka ne suka fi kowa buƙatarsa, domin wanda ya yi haɗari a Alkaleri ko Dukku kai zai fara gani kafin ya ga asibitin koyarwa. Akwai kwas na kwana biyu da ake kira PTC, wanda aka tsara musamman saboda wuraren da ba su da kayan aiki, kuma kusan duk abin da ke cikinsa hannu ne da tsari. Ɗaga muƙamuƙi don buɗe hanyar iska, ba da iskar oksijin, sa manyan allurai biyu a jijiya, ɗaure karyayyen ƙugu da zane, huda ƙirji idan iska ta taru ta matse huhu, duk ba sa jiran wata na'ura. Haka ma allurar tiranezamik, wadda babban binciken da aka wallafa a 2010 ya nuna tana rage mutuwa daga zubar jini, kuma ƙarin nazarin sakamakonsa a 2011 ya nuna sai an ba da ita cikin awa 3 da jin raunin. Kuma kada ka manta da lulluɓe majinyaci, musamman lokacin hunturu, saboda jinin wanda jikinsa ya yi sanyi ba ya daskarewa da kyau.

Abin da ya fi damuna shi ne yadda ake ɗaukar horon a matsayin takardar shaida kawai. Hannun da bai maimaita aiki ba yakan manta cikin 'yan watanni. Shawarata ita ce ka tara nas-nas da masu tura gado, har da mai gadi, ku riƙa gwaji ko sau ɗaya a wata, kowa ya san inda zai tsaya da abin da zai ɗauko, a kuma duba kowace safiya ko jakar hura iska da tukunyar oksijin suna aiki. Idan za ka tura majinyaci Asibitin Koyarwa na Jami'ar Abubakar Tafawa Ɓalewa ko Asibitin Koyarwa na Tarayya da ke Gombe, ka fara daidaita shi, ka buga waya, ka haɗa shi da ma'aikacin jinya da rubutaccen bayani.

Tambaya daga wata malamar makaranta a Gombe: Na taɓa tarar da haɗari a hanyar Bauchi, mutane na ta kinkimar waɗanda suka ji rauni suna ba su ruwa. Me ya kamata in yi?

Hajiya, niyyarsu kyakkyawa ce, sai dai kinkimar mutum hannu da ƙafa na iya mayar da karayar wuya ta zama shanyewar jiki har abada, ruwan kuma na iya sarƙe shi, ko ya kawo matsala idan tiyata ta kama. Ki fara tabbatar wata motar ba za ta afka muku ba, ki sa a kira 122, lambar jami'an kiyaye haɗura, ko 112. Inda jini ke zuba, ki danne da kyalle mai tsabta da ƙarfi, kada ki riƙa ɗagawa kina leƙawa. Idan dole ne a matsar da mutum, a samu mutum uku ko huɗu, ɗaya ya riƙe kai, a ɗaga shi a miƙe kamar gungume.

Wanda kuwa ba ya amsawa kuma ba ya numfashi, a kwantar da shi rigingine a wuri mai tauri, a ɗora tafin hannu a tsakiyar ƙirji, a riƙa dannawa zurfin santimita 5 zuwa 6, sau 100 zuwa 120 a minti. Wanda ya koya yakan hura masa iska sau 2 bayan kowane danni 30, wanda bai koya ba ya ci gaba da dannawa kawai har taimako ya iso. Ina fatan ganin an koyar da wannan a tashoshin mota da ƙungiyoyin 'yan acaɓa da 'yan agaji, tun da su ne ke riga mu isa wurin.

Tambaya daga Azare: Gaskiya ne ba a taɓa wanda aka harba sai da takardar 'yan sanda?

Ba gaskiya ba ne, Malam. Dokar lafiya ta ƙasa ta 2014 ta haramta wa ma'aikacin lafiya ƙin ba da kulawar gaggawa, sannan dokar 2017 kan waɗanda aka harba ta wajabta wa asibitin gwamnati da na kuɗi su karɓi wanda aka harba nan take, da takarda ko babu. Asibitin ne zai sanar da 'yan sanda bayan an fara yi masa magani.