Idan na'ura ta kai ka bakin kabari

Yarona, jiya muna wanke shebur ka tambaye ni: idan na'urar gano ƙarfe ta yi ƙara, ka tona ka ciro abu, sannan ka ji har yanzu akwai ƙara a ƙasan ramin, me zai hana ka ƙarasa tunda ka riga ka fara? Na ce ka bari sai na zauna, don wannan tambaya ba ta amsuwa a tsaye.

Ka ajiye shebur. Garma tana juya ƙasar gona zuwa zurfin santimita 30 ko kusa da haka, kuma duk abin da ka tsinta a cikin wannan ƙasa garma ta riga ta raba shi da mazauninsa, ciro shi taimako ne. Amma da ka ga ƙasa ta yi tauri, ko launinta ya sauya, to ka isa inda abu yake kwance yadda hannun mutum ya ajiye shi shekara dubu da suka wuce. Daga nan aikin ya fi ƙarfin ni da kai.

A 2004 wani mai irin sha'awarmu yana yawo da na'urarsa a wata gona a Cumwhitton, kusa da Carlisle a arewacin Ingila, ya tsinci maɗaurin tufafi na tagulla mai siffar bayan kunkuru. Matan Baikin, wato mutanen Norwe da Denmak da Suwidin da suka bazu a teku daga ƙarshen ƙarni na 8, su ne ke sa irinsa, biyu-biyu a ƙirji, suna riƙe igiyoyin riga, da duwatsun ado a rataye a tsakani. Abu ne da ake binne mace da shi. Mutumin ya kai rahoto, masana tonon tarihi suka zo suka buɗe wurin a hankali, sai ga kaburbura shida na farkon ƙarni na 10, maza huɗu mata biyu, da takubba da masu da duwatsun wuya. Kayan suna gidan tarihi na Tullie House a Carlisle, ka je ka gani da idonka.

Ga abin da nake so ya zauna maka. Kana tsammanin idan kabari ne za ka ga ƙashi. A Cumwhitton ƙasar mai yashi ce mai tsami, ta cinye ƙasusuwan kusan duka. Abin da ya nuna inda kai yake da inda ƙafa take shi ne yadda kayan suka kwanta, da ɗan duhun ƙasa a gefen ramin. Shebur biyu ya isa ya shafe wannan har abada, kai kuma ka tafi gida kana murna ka samu tagulla, ba ka ma san kan mamaciya ka tsaya ba. Kabari kuwa kabari ne, ko na wane ne.

Kada ka goge abin da ka ciro, ko da babban yatsa. Wannan koren tsatsa da ke bayan maɗaurin yakan riƙe zanen zaren rigar da aka binne matar da ita, har masani ya duba da madubin ƙara girma ya gane ulu ne ko lilin, da irin saƙar. A shekarata ta farko a wannan harka na samu wani ɗan kan ɗamara na tagulla, na kai shi famfo na sa masa buroshin haƙori har ya yi ƙyalli. Jami'ar da ke rajistar abubuwan da aka tsinta ta juya shi a tafin hannunta, ta nuna min wani lungu inda ɗan ɓurɓushin fata ya rage, ta ce sauran ya bi ruwa. Har yau ina jin zafin abin.

Sai batun saitin na'ura. Na ga kana rufe sautin baƙin ƙarfe don kusoshi da guntun waya sun dame ka. A gonar da aka sha nomawa ba laifi. Amma da ka samu abu irin na Baikin, buɗe sautin duka ka zagaya wurin da faifan na'urar, ba tare da tono ba. Takobi da mashi da wuƙa duk baƙin ƙarfe ne, haka ma kusoshin jirgin ruwa idan a cikin jirgi aka binne mutum. In ka ji ƙaramin gurnani a jere kusa da inda ka samu tagulla, ka san abin da ke ƙasa.

Doka ma tana nan. A Ingila, dokar dukiyar ƙasa ta 1996 ta ba ka kwana 14 ka kai rahoton zinariya ko azurfar da ta haura shekara 300, kuma idan gidan tarihi ya karɓa, ladan galibi rabawa ake tsakaninka da mai gona. In ka ga ƙashin mutum, 'yan sanda za ka fara kira, kuma ba a ɗaga shi sai da lasisin Ma'aikatar Shari'a. Wasu mutum biyu sun tono dukiyar zamanin Baikin kusa da garin Leominster a yammacin Ingila a 2015 suka ɓoye, sulalla wajen 300, kuma har zuwa lokacin shari'a kusan 30 kawai aka kwato. A 2019 aka ɗaure su.

Ranar Asabar in mun fita, ka zo da wayarka cike da caji. In abin ya faru, ka ɗauki hoto kafin ka taɓa komai, ka ajiye lambar wurin ta taswirar waya, ka mayar da ƙasa a hankali, mu je mu gaya wa mai gona, sannan mu kira jami'ar rajista. Kada ka sa hoton a Facebook sai masana sun zo, don akwai masu bin gonaki da dare da fitila.