Tambaya da Amsa: In kai karena dandalin karnuka don ya saba?

Tambaya: Likita, barka da aiki. Ina zaune a jihar Texas ta Amurka. Yara suka matsa mini har na karɓo kare mai shekara biyu daga gidan da ake tara karnukan da ba su da masu su. A gida lafiya lau yake, amma da ya hango wani kare a hanya sai haushi da fizgar igiya. Maƙwabcina ya ce in riƙa kai shi dandalin karnuka na unguwarmu, wato filin da aka killace inda ake sakin karnuka su yi wasa, wai zai saba. Me ka gani?

Amsa: Malam, kada ka kai shi tukuna.

Dandalin yana da amfaninsa, ban musa ba. Tun da aka buɗe na Ohlone a birnin Berkeley na Kalifoniya a 1979, wanda ake cewa shi ne na farko, irinsa suka bazu a biranen Amurka, saboda doka ta hana sakin kare a titi, gidaje da yawa kuma ba su da tsakar gida. Karen da ya wuni a ɗaki yana buƙatar inda zai yi gudu har ya gaji, in ba haka ba kujerunka ne za su sha wahala.

Sai dai an yi wurin ne domin karen da ya riga ya iya zama da 'yan'uwansa. Ka tuna karnukan farauta na gida: tare suka tashi, kowane ya san matsayinsa. A dandali kuwa baƙin juna ne, goma ko ashirin, cikin shinge ɗaya. Kana buɗe ƙofa za su yo kansa suna shinshina shi ta ko'ina. Haushin da naka yake yi, sau da yawa tsoro ne ba jarumta ba, kuma matsoracin kare in ya rasa hanyar gudu sai ya kai cizo. Cizo ɗaya ya isa ya jawo maka kuɗin asibiti da ƙara a kotu.

Ka fara da kare ɗaya mai sanyin hali, na wani da ka sani. Ku yi tafiya gefe da gefe, kowa riƙe da igiyarsa, da tazara tsakani. Duk sanda naka ya dubi ɗayan ya yi shiru, ka ba shi ɗan abin taunawa. A hankali kuke rage tazarar. Abin na iya ɗaukar makonni, wani karen ma har abada dandali ba wurinsa ba ne, kuma wannan ba aibu ba ne.

Ga kuma cuta. Ƙwayar parvo, mai sa amai da gudawar jini, tana yin watanni a cikin ƙasa ba ta mutu ba, shi ya sa ba a kai kwikwiyon da bai kammala alluransa ba, wato kafin ya kai mako 16 da haihuwa. Tarin karnuka yana yaɗuwa ta numfashi da kwanon ruwan da kowa ke sa baki, tsutsar ciki kuma ta kashi. Allurar haukan kare dole ce a dokar Texas.

In ranar shiga ta zo, ka je da sassafe, mutane ba su taru ba, zafin Texas ma bai taso ba. Ka cire igiyar a ɗan sararin da ke tsakanin ƙofar waje da ta ciki a mashigar dandalin, domin ɗaurarren kare a cikin sakakku ya fi saurin faɗa. Ka bar ƙananan yara a gida, ka riƙe ledar kwashe kashi, wayarka kuma ta zauna a aljihu. Yawancin faɗan da na gani, masu karnukan suna can suna latse-latse. Karen da ya durƙusar da ƙirji ya ɗaga baya, wasa yake nema. Wanda ya sandare, ya kafe ido, gashin gadon bayansa ya miƙe, kira naka ku fita nan take. In kuwa faɗa ya riga ya kaure, kada ka kai hannu wuyansa, ko naka ne zai cije ka bai sani ba. Ka watsa musu ruwa, ko ka cusa kujera tsakaninsu.