Mita Uku, Lamba Ɗaya: Tsari Ɗaya Ne Ko Uku?

TAMBAYA: Malam, ina karatu a Ohio ta Amurka. Na jona 'yar na'urar kama rediyo ta RTL-SDR a kwamfutata, na sa manhajar SDRTrunk mai fassara siginar oba-oba. Na kama mita uku daban-daban, kowacce tana nuna min lambar tsari 348, amma lambar hasumiya tana canzawa. Tsari ɗaya ne ko uku? Kuma wa ya gaya wa manhajar?

AMSA: Ɗana, ga dukkan alamu tsari ɗaya ne, MARCS, na oba-obar 'yan sanda da 'yan kwana-kwana na jihar. Hasumiyoyinsa uku ka kama.

Ba wanda ya gaya wa manhajar. Hasumiyar ce ke shelar kanta dare da rana. A irin wannan tsari ba a ba kowace hukuma mitarta, karɓa-karɓa ake yi. Shi ya sa kowace hasumiya ke ware mita ɗaya don ba da umarni, kamar ɗan kamasho a tasha: ku shiga wannan, ku kuma waccan. A tsarin P25, wato ƙa'idar oba-obar dijital da MARCS ke bi, wannan mita tana zuba ƙwayoyin bayanai (bits) 9600 a daƙiƙa, tsohon tsarin kamfanin Motorola kuwa 3600.

A cikin umarnin ake cusa shelar. Saƙo ɗaya yana ɗauke da WACN, wato lambar babbar hanyar sadarwa, alamomi biyar, da lambar tsari, alamomi uku. Wani yana faɗin yanki, wato RFSS, da lambar hasumiya. Na uku yana lissafa maƙwabta da mitocinsu, domin oba-obar da ke cikin mota ta san inda za ta koma idan sabis ya yi rauni. Wannan na ukun na fi so ka lura da shi, don daga hasumiya ɗaya za ka iya gano na kewaye da ita ba tare da lalube ba.

Amma kada ka tsaya a 348 kaɗai. Lambar tsari tana iya maimaituwa a wani wuri, WACN ɗin BEE00 da za ka gani kuma tsare-tsaren Motorola da yawa ne ke amfani da ita. Sai ka haɗa biyun kafin ka yanke hukunci.

Sunan gari ko na hukuma ba ya cikin shelar. Masu sauraro ne ke tattara su a shafin intanet na RadioReference, kuma ɗan'adam ajizi ne. Idan suna da lamba suka saɓa, bi lambar.

Maganar da aka kulle da AES, wato makullin sirri na dijital, kuwa ka bar ta, doka ta hana taɓa ta. Ka kuma karanta dokar jihar kafin ka sa na'urar a mota.