Sunayen kwastomomi sun hargitse? Kar ki biya ko sisi

Tambaya: Ina da shagon atamfa, yarana biyu ke shigar da sunayen kwastomomi a Excel, wannan ya sa MUSA ISA, wancan musa isa. Wani ya ce in kawo kuɗi ya saka min sofwayar da ke gyarawa da kanta. Wallahi na rasa yadda zan yi.

Amsa: Hajiya kwantar da hankalinki, abin bai kai nan ba. In sunayen na layin A, ki je layin gefe ki rubuta =PROPER(TRIM(A2)) ki ja shi ƙasa. PROPER zai mayar da harafin farkon kowace kalma babba, sauran ƙanana, TRIM kuma ya share tazarar da ta yi yawa. Google Sheets ma haka, kyauta. Amma ki bi da ido, don duk harafin da ya biyo bayan alamar ɗauri (') babba yake mayar da shi, sai ki ga Sa'adatu ta koma Sa'Adatu, Mu'azu ya koma Mu'Azu. Kuma ba zai gane Muhammad da Mohammed da Muh'd mutum ɗaya ne ba, shi ya sa lambar waya ta fi suna amfani, ki dai mayar da layinta Text, wato tsarin rubutu ba na lissafi ba, kar Excel ya haɗiye sifilin farko.

Shi kuwa mai sofwaya, ki tambaye shi lasisi. Abin nan na ci min rai, a kawo filas a zuba miki kwafin da aka fasa, a kashe antibayiros wai "don ta shiga", ki biya kina godiya, alhali sunaye da lambobi da bashin mutane duk suna cikin kwamfutar, ran da ta kulle kuma lambarsa a kashe. Kuɗin da bai isa lasisi ba me kike zaton ya saya?

Tambaya: In kunna babban baƙi na atomatik a kibod ɗin waya ya wadatar?

Amsa: A'a ɗan'uwa. Farkon jimla kawai yake kamawa, sunan uba sai ka danna da kanka.

Tambaya: Sabuwar laftof za ta magance min?

Amsa: Haba Malam! Yaron da ya bar Caps Lock, maɓallin manyan baƙaƙe, a kunne a tsohuwa zai bar shi a sabuwa. Ka rubuta doka a takarda ka manna a jikin kanta: suna, sunan uba, lambar waya mai lamba 11.