Amsa ga mai tambaya kan zuwa Dachigam ganin barewar Kashmir

Wa alaikumus salam ɗan uwa. Na ga tambayarka, kace kana karatu a Indiya kuma kuna shirin zuwa Srinagar a hutun watan Yuni, kana so ka san ko ya dace ku biya gandun dajin Dachigam don ganin barewar nan hangul. To gaskiya in dai don ita za ku je, ku ɗaga tafiyar, Yuni ba lokacinta bane sam.

Dachigam gida biyu ne, akwai na ƙasa akwai na sama. Na ƙasan shi ne kusa da gari, kamar kilomita 22 daga Srinagar, ta hanyar lambun Shalimar za ka bi har ka wuce Harwan, kuma nan ne ake barin baƙi su zaga. Na saman kuwa tsaunuka ne da ke kaiwa sama da mita 4,000, sai da ƙafa ake hawa. Da zafi ya shigo dabbar nan sai ta haye sama, ba ta saukowa sai sanyi ya koro ta, kaga kenan in kun je a Yuni za ku sha iska mai daɗi ku ga kogin Dagwan yana gudu da ruwa mai sanyi kamar ƙanƙara, amma hangul sai dai a hoton allon bakin ƙofa.

Ni a Oktoba na je lokacin ina can, shi ne lokacin barbararsu. Kafin ka ga namijin za ka fara jin sa, wani ruri ne mai kauri da yake ja daga cikin kwari, tsaunin ya maido da shi, wallahi tsigar jikina sai da ta tashi. Jagoranmu ya ɗaga hannu muka tsaya cik, ba magana ba motsi, can sai ga shi ya fito gefen itatuwa, jikinsa ruwan ƙasa, gindin jelar da ɗan haske, ƙahon nan mai rassa kamar an ɗora masa busasshiyar bishiya a ka, numfashinsa na fita kamar hayaƙi saboda sanyi. Bai daɗe ba ya shige. Wasu da suka shigo bayanmu da hayaniya da kiɗa a waya basu ga komai ba, suna ta ƙorafi wai an cuce su.

Kar ka je da tunanin Yankari inda mota za ta zaga da kai ka ci karo da gwanki da birai ko ta ina. Wannan dabbar ta kusa ƙarewa ne a duniya. Farkon ƙarni na 20 ana ƙiyasta sun kai wajen 5,000, zuwa 1970 suka koma kimanin 150, farauta da cin daji da kiwo suka gama da su, ƙidayar 2023 ta samu 289 kawai, kuma mazan ma sun yi ƙaranci sosai a cikinsu. Har yanzu makiyayan Gujjar da Bakarwal suna hawa da tumaki da awaki saman da rani, daidai inda ya kamata ta yi kiwo da 'ya'yanta, ga karnukansu, makiyayan ma kuma abincinsu suke nema, shi yasa maganar ta ƙi ƙarewa. Abin yana damuna matuƙa, dabba irin wannan ace duk abin da ya rage a 2023 bai cika ɗari uku ba. Wurin kansa tun 1910 Maharaja, wato sarkin Kashmir, ya killace shi, don farautarsa da kuma tsare ruwan shan Srinagar, sai a 1981 ya zama gandun ƙasa, faɗinsa murabba'in kilomita 141.

Sai ka nemi takardar izini daga hukumar kula da namun daji tukunna, ka riƙe fasfo ɗinka a jiki tunda kai baƙo ne kuma akwai jami'an tsaro a hanya. Ku fita da sassafe bayan asuba, ku ɗauki jagora, don Allah kar ku kutsa daji ku kaɗai, a kaka baƙar beyar tana saukowa cin 'ya'yan itace kuma ba ta da wasa ko kaɗan, damisa ma akwai. Takalmi mai kauri, rigar sanyi ta gaske, tufafi marasa ƙyalli. Abinci da wurin sallah ba matsala, garin Musulmi ne.

Layin waya na kati da ka saya a wata jihar baya aiki a Kashmir, don haka ka shirya da direban da zai dawo da ku tun kafin ku shiga, ku tsayar da lokaci da wurin haɗuwa. In za ku iya haƙuri zuwa ƙarshen Satumba ko Oktoba to ku bari sai lokacin, Allah ya kai ku lafiya.